Faretin Soja na Washington: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Faretin soja hidima ce da gwamnati ke yi wa jama'a da kuɗinsu, kuma kamar kowace hidima yana da mai shiryawa, yana da farashi, yana da alkawuran da ake yi kafin a taɓa baitulmali. Saboda haka babu laifi a ɗora shi a kan sikeli, a tambayi abin da aka biya da abin da aka samu. Wanda na zaɓa in auna shi ne faretin da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta yi a Washington ranar 14 ga Yunin 2025 domin cikarta shekara 250 da kafuwa, ranar da ta zo daidai da cikar Shugaba Donald Trump shekara 79 da haihuwa. Amurka ba ta saba da irin wannan biki ba, rabon da tankokin yaƙi su yi jerin gwano a titunan babban birninta tun 1991, don haka aka yi ta cacar baki a kan kuɗin a bainar jama'a har alƙaluma suka fito fili, abin da ba a cika samu ba a ƙasashen da suka mayar da fareti abin kowace shekara. Na kalle shi kai tsaye a talabijin daga farko har ƙarshe, kamar yadda mafi yawan waɗanda aka yi shi da kuɗinsu suka kalla.

Kayan da aka zuba ba kaɗan ba ne. Sojoji sama da 6,000 suka bi titin Constitution, tare da motocin yaƙi kimanin 150, cikinsu har da tankoki 28 samfurin Abrams, sai jiragen sama kimanin 50, mafi yawansu masu saukar ungulu, da dawakai da 'yan badujala da sojojin laima waɗanda suka diro daga sama suka miƙa wa shugaban ƙasa tuta. An tsara jerin ne bisa tarihi: masu kakin yaƙin neman 'yanci na ƙarni na 18 suka fara wucewa, sai na yaƙin basasa, sai na yaƙe-yaƙen duniya biyu tare da tsofaffin tankokin Sherman, sai na Koriya da Biyetnam da yaƙin Tekun Fasha, har aka gangaro kan na yau masu ɗauke da ƙananan jirage marasa matuƙi da butum-butumi mai siffar kare yana takawa a kan kwalta. Wannan tsari shi ne abin da ya fi burge ni a duk bikin, domin mai kallo yana ganin yadda bindiga da hula da takalmi suka sauya cikin shekara 250 ba tare da an yi masa dogon bayani ba, kuma yaron da ya zauna ya kalla ya samu darasin tarihi da zai daɗe bai manta ba.

Ta fuskar kallo kuwa, wanda ya saba da faretin wasu ƙasashe zai ga kamar an yi sakaci. An fara kafin lokacin da aka sanar saboda hadari da ya taso. Sahun sojoji bai miƙe ɗoɗar ba, tafiyar da yawa daga cikinsu ta fi kama da ta masu komawa bariki bayan atisaye, wasu na ɗaga wa jama'a hannu suna murmushi daga saman tanka. Akwai lokutan da shiru ya yi yawa har ana jin ƙugin sarƙar tanka a kan titi, ƙii-ƙii, babu tafi babu sowa, kyamara kuma na nuna gurabe da babu kowa a wajen 'yan kallo. Mai gabatarwa yana tsayawa jefi-jefi ya yi godiya ga kamfanonin da suka ɗauki nauyin wani ɓangare na bikin, abin da a ganina ya rage wa taron kwarjini, don kuwa ba a saba jin talla tsakanin wucewar bataliya da bataliya ba. A wuraren da tankoki za su sha kwana an shimfiɗa faya-fayen ƙarfe masu kauri don kada sarƙa ta ɗaye kwalta, an kuma sanya wa sarƙoƙin takalman roba, tun da kowace Abrams nauyinta ya kusa tan 70.

In dai daidaita sahu ake nema, akwai waɗanda suka fi Amurka iya wannan sana'a nesa ba kusa ba. Faransa tana yin faretin 14 ga Yuli tun 1880, kuma wanda ya ga sojojin ƙetare na rundunarta, masu gemu da gatari a kafaɗa da warkin fata a ƙirji, suna takunsu na ƙasaita 88 a minti ɗaya alhali sauran runduna na yin kusan 120, ya san an daɗe ana gogawa. Wannan faretin na Paris ne ma Trump ya gani a 2017 bisa gayyatar Shugaba Emmanuel Macron, ya dawo gida da sha'awar a yi masa irinsa. Sin ta fito da sojoji kimanin 15,000 da jirage sama da 160 da kayan yaƙi 580 a ranar 1 ga Oktoban 2019, ƙafafu na tashi tare suna sauka tare kamar na mutum ɗaya. Rasha na yin nata a Dandalin Ja na Mosko kowace 9 ga Mayu, Indiya kuma kowace 26 ga Janairu a New Delhi, har da rundunar raƙuma. Idan aka jera na Washington kusa da waɗannan, shi ne na baya. Sai dai ni ban ɗauki wannan a matsayin babban aibi ba, domin sahun da ya miƙe babu lanƙwasa ana sayen sa ne da makonni ko watanni na maimaici, kuma sahun da ya ɗan karkace shaida ce cewa ba a cire mutanen nan daga aikinsu na tsawon lokaci ba.

A da can macin soja shi kansa dabarar yaƙi ce. A ƙarshen ƙarni na 16 Maurice na Nassau ya horar da sojojin Holan su riƙa jeruwa sahu-sahu, na gaba su harba su koma baya su ɗura, na bayansu su matso, domin bindigar wancan zamani tana cin lokaci kafin a sake ɗura ta, kuma rundunar da ba ta iya juyawa tare ba takan watse a gaban dawakai. Ita kanta rundunar da aka yi wa bikin ta san wannan, don a 1778 ne Baron von Steuben ya koya wa mayaƙan George Washington maci da jeruwa a sansanin Valley Forge, abin da ya mayar da tarin 'yan sa kai runduna ta sosai. Bindiga mai sarrafa kanta da igwa mai dogon zango sun kashe wannan amfani tun yaƙin duniya na ɗaya, yau kuwa da jirgi maras matuƙi ke shawagi yana neman inda mutum uku suka taru, babu abin da kwamanda ke gudu kamar ya ga mutanensa a cunkushe. Abin da ya rage wa maci shi ne koya wa kurtu bin umarni nan take da jin cewa shi ɓangare ne na jiki ɗaya, kuma wannan ana samun sa a makonnin farko na horo a filin bariki, ba ya buƙatar a rufe tsakiyar birni.

Batun farashi shi ne ya fi tayar da ƙura. Kafin bikin rundunar ta ƙiyasta za a kashe tsakanin Dala miliyan 25 zuwa 45, cikinsu har da kimanin miliyan 16 da aka yi tsammanin gyaran tituna zai ci, daga baya ta ce abin da ta kashe ya tsaya a wajen miliyan 30, kuma ɓarnar da aka yi wa titunan ba ta kai yadda aka yi fargaba ba. Faretin 8 ga Yunin 1991, wanda Janar Norman Schwarzkopf ya jagoranci sojoji kimanin 8,000 bayan fatattakar Iraƙi daga Kuwait, ya ci kusan Dala miliyan 12 a kuɗin wancan lokaci. Wanda aka so yi a Nuwamban 2018 kuwa an fasa shi bayan da ƙiyasin Dala miliyan 92 ya fita a kafofin yaɗa labarai. Waɗannan kuɗi ne masu yawa a kunnen kowa, amma adalci ya sa a faɗi cewa kasafin rundunar sojan ƙasa ta Amurka kaɗai ya kai wajen Dala biliyan 185 a shekarar 2025, wanda in aka raba ya haura miliyan 500 a kowace rana. Kenan Dala miliyan 30 ba ta kai abin da rundunar ke kashewa cikin sa'o'i biyu ba. Duk wanda ya ce wannan faretin ya gurgunta kasafin tsaron Amurka ya yi ƙari, kuma masu sukar da suka tsaya a kan adadin Dala sun bar jaki suna dukan taiki.

Kuɗin da ya fi nauyi ba a rubuta shi a takardar biya, domin da kwanakin horo ake biyan sa. Runduna tana da jadawalin shekara: ranar harbi a fili, ranar atisayen dare, ranar duba motoci, ranar kwas, ranar hutu da iyali kafin a tura mutum aiki ƙasar waje. Duk ranar da aka ɗauke wa fareti daga cikin waɗannan take fitowa. A matsayin misali kawai, idan soja 6,000 kowanne ya ba da kwana 10 tsakanin tafiya da gwaji da biki da komawa, an yi asarar kwanakin aiki 60,000, kuma ba a haɗa da makanikan da suka wanke motoci suka yi musu fenti ba, da hafsoshin da suka shafe makonni suna tsara wa zai kwana ina. A Washington an kwantar da dubban sojoji a kan gadajen tafi-da-gidanka a cikin gine-ginen ofisoshin gwamnati. Wannan lissafi yana da sauƙi a kan Amurka, wadda ta yi abin sau ɗaya cikin shekara 34 da ɗan gajeren gwaji. A Rasha, inda faretin 9 ga Mayu ya zama na kowace shekara tun 1995 aka kuma mayar da manyan motocin yaƙi cikinsa a 2008, ana tara dubban sojoji a filin Alabino kusa da Mosko su yi makonni suna maimaita taku ɗaya, kuma ba ragowar runduna ake ɗebowa ba, zaɓaɓɓu ake kaiwa. A Sin ma watanni ake yi ana gwaji, kuma kafin faretin 3 ga Satumban 2015 an rufe masana'antu a kewayen Beijing an taƙaita zirga-zirgar motoci don sararin sama ya washe, asarar da ba za ta taɓa bayyana a kasafin tsaro ba.

Injuna ma suna biyan nasu kason. Jirgin yaƙi yana da adadin sa'o'in da zai tashi kafin a kwance shi a duba, kuma sa'a ɗaya ta tashin jirgi na zamani tana cin dubban Daloli, wasu ma gomman dubbai. Sa'ar da matuƙi ya ƙone yana koyon jeruwa fiffike da fiffike a saman mumbarin manyan baƙi ba ta ƙara masa komai a kan kai hari ko kauce wa makami mai linzami. Wani lokaci abin yakan wuce asarar sa'o'i. Ranar 23 ga Afrilun 2024 jirage biyu masu saukar ungulu na sojan ruwan Malesiya suka yi karo a sansanin Lumut suna gwajin faretin cikar rundunar shekara 90, mutum 10 da ke cikinsu duk suka rasu. Ga kuma nauyin tsaro, don fareti yana tara shugabanni da makamai a wuri ɗaya a lokacin da kowa ya sani. A wajen faretin 6 ga Oktoban 1981 a Alƙahira, jama'a na kallon jiragen da ke wucewa a sama, wata motar soja ta tsaya a gaban mumbari, Laftanar Khalid Islambuli da abokansa suka diro suka buɗe wa Shugaba Anwar Sadat wuta. Tun daga nan babu ƙasar da ke ɗaukar gadin fareti da wasa, kuma a Washington sai da aka kafa shingayen ƙarfe masu tsawon mil da yawa aka kuma dakatar da tashi da saukar jirage a filin Reagan na wasu sa'o'i.

Akwai riba ɗaya da zan ba masu shiryawa ba tare da jayayya ba. Ɗauko tankoki daga Texas, a ɗora su a kan taragun jirgin ƙasa, a ɗaure, a sauke su a kusa da Washington, a mayar da su kan manyan tireloli a shigo da su birni da dare, sannan a ciyar da dubban mutane a shayar da su a mayar da kowa sansaninsa, wannan aikin jigila ne na gaske, irin wanda runduna ke yi in za ta tafi yaƙi. Waɗanda suka fi amfana da faretin ta fuskar horo su ne waɗanda kyamara ba ta nuna ba. Tarihi kuma ya taɓa nuna faretin da ya yi aikin da babu abin da zai iya yi a madadinsa: ranar 7 ga Nuwamban 1941, sojojin Jamus na dab da Mosko, Stalin ya sa aka yi fareti a Dandalin Ja cikin dusar ƙanƙara, kuma da yawa daga waɗanda suka wuce ta gabansa fagen daga suka zarce. Saƙon shi ne gwamnati ba ta gudu ba, kuma mutanen birnin sun ji shi. Amma wannan yanayi ne na ƙasar da wuta ta zo mata ƙofar gida, ba hujja ba ce ta yin biki kowace shekara cikin zaman lafiya.

An kuma yi alkawarin cewa faretin zai jawo matasa su shiga soja. Gaskiya ne rundunar ta sha wuya a wannan fanni, domin a 2022 ta nemi kurata 60,000 ta samu wajen 45,000, a 2023 ma ba ta cike gurbin da ta nema ba. Sai dai a farkon Yunin 2025, kwanaki kafin tankar farko ta taka titin Constitution, rundunar ta riga ta sanar da cewa ta cike adadin 61,000 da ta sa wa kanta na wannan shekara, wata huɗu kafin wa'adi. Abin da ya gyara lamarin ya riga faretin zuwa, musamman kwas ɗin share fage da aka buɗe a 2022 domin taimaka wa waɗanda suka gaza a jarrabawa ko a awon jiki su kai mizani. Ba na musun cewa wani yaro ya kalli sojan laima ya ƙudura a ransa zai zama irinsa, amma mai saye ba zai iya riƙe wannan a matsayin rasit ba.

Alkawarin da ya fi kowanne girma, kuma ya fi haɗari, shi ne cewa fareti yana tsorata abokan gaba. Yana iya yin haka, sai dai tsoron ba ya tsayawa inda aka so. A bikin ranar jiragen sama na 1955 a filin Tushino na Mosko, Tarayyar Sobiyet ta sa 'yan tsirarun sababbin jiragenta masu jefa bom samfurin M-4 suka wuce, suka zagayo ta inda ba a ganin su suka sake wucewa, wakilan ƙasashen Yamma da ke wurin suka ƙirga suka kai rahoton cewa jiragen sun fi yadda suke yawa. A Washington aka shiga fargabar cewa an bar Amurka a baya, aka ƙara ƙaimi wajen ƙera jirgin jefa bom samfurin B-52, wanda a ƙarshe aka yi guda 744. Sai da jiragen leƙen asiri na U-2 suka fara ɗauko hotuna daga 1956 aka gane cewa babu wani giɓi, hasali ma Amurka ce ke gaba da rata mai yawa. Wasan da ya ci man jirgi na yini ɗaya ya taimaka wajen ingiza kashe biliyoyin Daloli a ɗaya ɓangaren, kuma wanda ya shirya wasan ya wayi gari abokin hamayyarsa ya ƙara yi masa nisa. A nan ne fareti ke taɓa kasafin tsaro da gaske, ta hanyar abin da yake sa wasu su saya, da abin da yake sa mai shi ya ga dole ya fito da shi baɗi don kada a ce ya ja baya.

Mafi munin abin shi ne idan mai faretin ya yarda da abin da ya nuna. A 2015 Rasha ta fito da sabuwar tanka T-14 Armata a matsayin wadda za ta sauya yaƙin ƙasa, aka yi maganar ƙera 2,300 kafin 2020, duk da cewa ɗaya daga cikinsu ta tsaya cak a Dandalin Ja yayin gwaji. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban mumbari tana sheƙi, amma ba a ƙera ta da yawa ba, kuma a 2024 shugaban kamfanin gwamnati na Rostec ya fito ya ce ta yi tsada da yawa a kai ta yaƙin Yukren. A ƙarshen Fabrairu da Maris na 2022 duniya ta ga ayarin motocin sojan Rasha mai tsawon kusan kilomita 60 ya maƙale a arewacin Kyiv, ana fama da ƙarancin mai da abinci da lalacewar motoci. Babu ɗaya daga waɗannan matsaloli da faretin 9 ga Mayu zai iya nunawa, domin motar da za ta yi tafiyar 'yan kilomita a kan shimfiɗaɗɗen titi bayan makanikai sun kwana a kanta ba ta faɗin komai game da ɗaruruwan 'yan uwanta da ke ajiye babu batir babu taya mai kyau. A faretin 2023 tanka ɗaya tak ta wuce, T-34 ta zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma a iya cewa wannan ne karon da bikin ya fi kusa da faɗin gaskiyar halin da rundunar ke ciki. Saddam Hussein ma ya gina katafaren dandalin fareti a Bagadaza mai ƙofar takubba biyu, aka buɗe shi a 1989, shekara biyu bayan haka aka murƙushe rundunarsa cikin sa'o'i 100 na gwabzawa ta ƙasa a yaƙin Kuwait.

Wasu shugabanni an kawo musu wannan hajar sun ce ba sa saye. A 2015 Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya soke bikin 'yancin kai na 9 ga Disamba, ya mayar da ranar ta tsaftace gari, ya karkatar da Shilin biliyan 4 da aka ware zuwa faɗaɗa wani titi a Dar es Salaam. A 2019 Shugaba Volodymyr Zelensky ya fasa faretin soja na 24 ga Agusta ya ce a raba wa sojoji Hiribniya miliyan 300 a matsayin garaɓasa, ko da yake ya yi babban fareti a 2021 domin cikar ƙasar shekara 30, a 2022 kuma abin da aka jera a babban titin Kyiv ƙonannun tankokin Rasha ne. Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Japan, domin ba talauci ne ya sa ta ba, tana cikin ƙara kasafin tsaronta ne ma. A 2025 ma'aikatar tsaronta ta sanar da cewa ta daina manyan bukukuwan duba sojoji na ƙasa da na ruwa da na sama da aka saba yi bi da bi, bisa dalilin cewa yanayin tsaron yankin ya tsananta kuma tara dakaru da kayan aiki domin biki yana cin ƙarfin da ake buƙata wajen gadi da sintiri. Wato ma'aikatar tsaro da bakinta ta amsa cewa biki da zama cikin shirin ko-ta-kwana suna ɗiba ne daga rumbu ɗaya.

Hukuncina a kan faretin Washington shi ne hidima ce matsakaiciya da aka saya da farashin da mai saye zai iya ɗauka. A matsayin darasin tarihi da ranar karrama soja da iyalinsa ya yi kyau, a matsayin abin kallo bai kai na Paris ko Beijing ba, a matsayin hanyar samun kurata babu shaidar da ta nuna an buƙace shi, haɗuwarsa da ranar haihuwar shugaban ƙasa kuma ta jawo wa rundunar da ke alfahari da nisantar siyasa rigimar da ba ta nema ba, don a ranar ce aka yi zanga-zangar adawa da gwamnati a ɗaruruwan garuruwa. Illarsa ga shirin yaƙi kaɗan ce, kuma dalilin ƙanƙantarta shi ne an yi shi sau ɗaya, an gama an watse. Ƙasa mai babbar runduna da cikakken aljihu za ta iya yin irinsa a manyan ranaku, bayan shekara 25 ko 50, ba tare da ta ji a jikinta ba. Ƙasa mai ƙaramar runduna, wadda jiragenta masu tashi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ko wadda ke cikin yaƙi, ita ce wannan hidima ba ta dace da ita ba ko kaɗan, domin bataliyar da za ta tura fareti ita ce wadda ake jira a wani wuri.

Mai biyan harajin da ke son sanin ko rundunarsa a shirye take, akwai takardar da ta fi fareti amfani gare shi, kuma Amurka na cikin ƙasashen da ke wallafa ta. Ofishin binciken kuɗin gwamnati da ke yi wa majalisar dokokinta aiki, wanda ake kira GAO, ya duba nau'o'in jiragen soja 49 daga 2011 zuwa 2021, ya samu cewa huɗu ne kawai suka cika mizanin zama cikin shiri a mafi yawan shekarun. A wani rahoton kuma ya ce a Maris na 2023 jiragen F-35 suna iya fita aiki ne a wajen kashi 55 cikin 100 na lokaci, saboda ƙarancin kayan gyara da jinkirin kafa wuraren gyaran. Jirage 50 da suka ratsa saman titin Constitution duk lafiyayyu ne, tun da su aka zaɓa. Adadin waɗanda aka bari a rumfa ana jiran safaya yana cikin waɗannan rahotanni, kuma karanta su kyauta ne a intanet.